Bel Ɗin da Ya Saki Kabir

Karon da motar ta yi ba wani abin a zo a gani ba ne, duk wanda ya san tsere ya faɗi haka. An yi yayyafi da hantsin Asabar, Kabir ya taka birki a makare a kwana ta huɗu, motar ta zame ta daki tarin tayoyin da aka jibge don irin wannan rana. Direbobi nawa suka daki tayoyin nan suka fito suna dariya. Amma shi Kabir a kwance aka fito da shi, ƙashin kafaɗa ya karye, haƙarƙari uku sun tsage, hannun damansa kuma ko motsi ba ya yi. Da masu ceto suka leƙa cikin motar, sai suka ga bel ɗin kafaɗarsa ta dama yana lilo, ya zare gaba ɗaya daga sandar ƙarfen da ke bayan kujera. Na hagun ma saura ƙiris.

Bel ɗin motar tsere ba irin na motar gida ba ne. Harsuna shida gare shi, biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, biyu ta tsakanin cinyoyi, duk su haɗu a cibiya. An yi shi ne don ya riƙe mutum ko da motar ta wuntsila sau uku. Irin wannan ba ya zarewa don kansa, sai in wani ya taɓa shi.

Kafin rana ta take ran Lahadi, 'yan Najeriyar unguwar Danau Kota a Malesiya sun gama shari'a a mamak ɗin da ke ƙasan benensu, inda Indiyawa Musulmi ke sayar da shayi da gurasarsu roti. Mutanenmu kuwa in dai yanke hukunci ne a kan kofin shayi, ba a bar mu a baya ba. Wasu suka ce bakaniken ne ya sa kayan jabu. Amma mafi yawa sun tsaya a kan Fatihu, ɗalibin injiniya ɗan shekarar ƙarshe, wanda shi ya ɗaura bel ɗin tun farko, kuma shi ne aka hana tuƙi ranar Alhamis aka ba Kabir.

Ubale yana gefe yana juya shayinsa. Digiri na uku yake yi a fannin gandun daji, amma ba wanda ya san shi da wannan. Mai Sawu ake ce masa. Mahaifinsa ya yi shekara arba'in yana bin sawun shanun sata a dajin Falgore, shi kuma ya tashi a bayansa yana riƙe masa gora. Tun da ya gano wanda ya ɗauke kwamfutar wani ɗalibi ta hanyar kallon takalman da ke bakin ƙofa, sunan ya bi shi har Malesiya.

"Case ɗin nan is clear, lah," in ji Abdulmajid, shugaban kulob ɗin tseren motar ɗalibai, da salon maganar 'yan Malesiya, yana buga tebur da tafin hannu. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, kuma aminin Ubale tun makarantar kwana, gida ɗaya ma suke haya a hawa na sha huɗu. "Ni da idona na ga yaron nan a gareji ran Juma'a da yamma. Na yi magana da Alhaji, baban Kabir. Ya ce gobe Litinin bayan azahar mu kai report wurin police."

Kowa ya san ma'anar haka. Makaranta za ta dakatar da Fatihu, a soke bizarsa, a sa shi a jirgi saura wata huɗu ya gama, in ma bai fara kwana a hannu ba.

Wayar Ubale ta yi ƙara. Walida ce, ƙanwar Kabir, wadda za a ɗaura wa aure da Abdulmajid a watan Disamba. Ta ce don Allah ya zo asibiti.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba, mutumina," in ji Abdulmajid da ya ji. "An riga an san wanda ya yi."

"To ai dubiya ma lada ce," in ji Ubale, ya tashi.

*

Kabir yana kwance an naɗe shi kamar ƙullin goro, yana magana da ƙyar saboda haƙarƙarin.

"Na ji lokacin da ya sake ni, Yaya Ubale. Kamar mutum ya riƙe ka ta baya, sai kawai ya cika ka."

"Da safen wa ya ɗaure ka?"

"Ni na ja abina ta gaba, kamar kullum. Ya yi tight sosai. Ban duba baya ba, tunda inspector ya zo ran Alhamis ya duba komai ya manna sticker."

"Me ya haɗa ku da Fatihu?"

Kabir ya rufe ido. "An yi vote na ci. Ya ce min, za ka gani. Gaban kowa ya faɗa."

Walida ta raka Ubale har bakin lif. Idanunta sun kumbura, da gani ba ta runtsa ba. Ta ce likitoci sun ce jijiyar hannun ta taɓu, sai nan da wasu makonni za a san ko zai dawo.

"Yaya Ubale, ni ba na son a kama wanda bai ji ba bai gani ba, kuma ba na son wanda ya yi ya sha. Ka duba mana. Wane irin mutum ne zai sa wuƙa ya yanka bel ɗin ɗan'uwansa?"

"Wuƙa? Wa ya ce miki wuƙa ce?"

"Abdulmajid. Shi ya ga motar, ni ban je ba."

Ubale ya gyaɗa kai. Ya ɗauka ruɗewa ce ta ranar tashin hankali, ya wuce.

*

Garejin yana bayan wasu shagunan tayoyi a Setapak. Mai shi wani dattijon Bamalaye ne ɗan firit, Nasir, amma kowa Pakcik yake ce masa, wato kawu. Ya riga ya ji abin da ake faɗa a kansa, don haka ko sallamar Ubale bai gama amsawa ba ya jefa masa kwali ya nuna ƙarƙashin motar.

"Kwanta, lah. Kwanta ka gani da idonka."

Ubale ya kwanta da wankakkun kayansa. Pakcik ya haska masa tocila, yana bayani da Turancinsa mai gauraye da Malayanci. Duk inda aka ɗaure bel ɗin ƙugu da na cinya a daɓen motar, akwai noti mai zobe, kuma ƙarƙashin kowanne an sa faifan ƙarfe mai kauri kamar tafin hannun yaro, don kada notin ya huda daɓen ya fice ranar karo. Ko ɗaya bai motsa ba.

"Shekara talatin ina wannan aiki," in ji Pakcik. "Yaran yanzu sai su ɗaure na kafaɗa a ƙasa, can bayan kujera, don ya fi sauƙi. Ranar karo bel ya danne mutum ƙasa, ya murƙushe masa ƙashin baya. Ni ba na yin haka. A kan sandar nan ake ɗaurawa, daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan. Kuma yaron nan Fatihu ni na koya masa zargewa."

Ya ɗauko wani ɗan faifan ƙarfe mai tsaga biyu ya nuna yadda ake yi. A zura bel ta cikin tsagogin, a zagaya sanda, a sake dawowa ta cikinsu. Sannan a ninko jelar baya a sake cusa ta karo na uku, a bar tsawon yatsa huɗu a waje.

"Na ukun nan shi ne kulle. In ba shi, ka ja da hannu ka ji gam, ka ce ya ɗauru. Amma ranar da nauyin mutum ya fizge shi a guje, sulɓewa zai yi."

Ubale ya shiga motar ya ɗauki jan bel ɗin da ya zare. Ya bi shi da yatsa tun daga kai har jela, a hankali, yadda mahaifinsa ke bin gefen rafi. Ba yanka, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ga tsohon karin ninki na uku nan ya zauna sosai, da ɗan layin fenti rawaya na alama a kansa. Amma akwai wata sabuwar shaida, mara zurfi, kusan taki guda daga inda bel ɗin ya saba zagaya sanda. Wani ya kwance shi, ya ƙara masa tsawo, ya zauna a ciki, sannan ya mayar. Ya sunkuya ya duba layin dogon da kujerar ke tafiya a kai. An share ƙurar da ke kansa har ƙarshen baya.

"Pakcik, wa ke tura kujerar nan har ƙarshe?"

"Ba kowa. Kabir siriri ne, Fatihu gajere. Wataƙila masu ceto ne."

"Wataƙila. Mukulli nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya wurina, ɗaya wurin shugabanku. Ran Juma'a ina rufewa sha biyu, in na tafi masallaci ba na dawowa sai Asabar."

Sai kuma wani tabo. A jelar bel ɗin, da ta ciki inda yake kwanciya a ƙirji, akwai wani duhu-duhu. An riga an ɗauki hotonsa an yaɗa a waya, wai ga baƙin man hannun Fatihu. Ubale ya sansana, bai ji warin mai ba. Ya jiƙa farin hankicinsa da ruwan gora ya goga. Abin da ya fito ba baƙi ba ne, shuɗi ne mai duhu, yana ɗan ƙyalli.

Pakcik ya leƙo, ya taɓe baki. "Ba ni da mai irin wannan."

Ubale ya ninke hankicin ya sa a aljihu. Wani abu ya taɓa masa zuciya, ya ƙi tsayawa ya saurare shi.

*

Ya sami Fatihu a ɗakinsa bayan la'asar, akwati a buɗe a kan gado, an fara zuba littattafai. Abokan zamansa biyu sun tattara sun koma wani gida tun jiya.

"Yaya Ubale, kai ma an turo ka ne?"

"Ni na turo kaina. Ka je gareji ran Juma'a?"

"Na je. Ƙarfe goma na safe, Pakcik yana nan, ka tambaye shi. Helmet ɗina na ɗauko, tunda an ce ba ni zan tuƙa ba. Ko motar ban taɓa ba."

"Da yamma fa?"

"Ina nan ina assignment. Ni kaɗai, ba ni da witness." Ya yi dariyar takaici. "Shi ke nan, I don enter."

"Ka ce wa Kabir zai gani."

"Na faɗa. Nufina zai ga time ɗina ya fi nasa. Wallahi shi ke nan. Bakina ne ya ja min."

Ubale ya ɗauki jakar goyon da ke rataye a ƙofa, ya zare maɗaurinta ɗaya daga ƙarfensa, ya miƙa masa. "Mayar min da wannan."

Fatihu ya karɓa yana ci gaba da magana, yana cewa mahaifiyarsa ta kira sau tara bai ɗauka ba, don bai san abin da zai gaya mata ba. Yatsunsa suna aikinsu ba tare da ya kalla ba. Ya zura, ya dawo, ya ninka jelar ya cusa karo na uku. Ubale ya duba ɗaya maɗaurin jakar, shi ma haka yake. Har jakar kwamfutar da ke kan tebur haka take.

"Kai komai sai ka yi masa ninki uku?"

Fatihu ya kalli jakar kamar yau ya fara ganinta. "Hannuna ne ya saba. Pakcik sai da ya sa na yi sau ɗari."

Ubale ya tashi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ka ɗauki wayar mahaifiyarka. Ka ce mata ana dubawa. Kuma ka daina haɗa kayan nan."

*

Da safiyar Litinin ya buɗe durowa zai ɗauki riga, hannunsa ya faɗa kan wata farar taguwa da ya daina sawa. Tabo ne a kafaɗarta, shuɗi mai duhu. Ya tsaya. Ya ciro hankicin jiya ya ɗora a kai. Ko makaho ya shafa ya san abu ɗaya ne.

Hutun da ya wuce, Inna, mahaifiyar Ubale, ta aika har Kura aka rino kore, babbar rigar nan ta rini, aka buga ta da shuni har tana ɗaukar ido, ta ce a kai wa ɗanta Abdulmajid ya sa ranar ɗaurin aure. Shekara goma sha bakwai yaron nan yana cin tuwonta, ba ta bambanta shi da Ubale. Ubale ne ya ɗauko rigar a akwatinsa, an naɗe ta da takarda, amma duk da haka sai da ta ɓata masa taguwa biyu. Halin kore ke nan, duk abin da ta goga sai ta bar masa shaida.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Abdulmajid yana wanka. Ubale ya shiga ɗakinsa, abin da bai taɓa neman izini a kai ba, ya buɗe durowa. An fitar da rigar daga takardarta, an ninke ta ninkin wanda bai iya ba. Ya warware ta a kan gado. Daga kowace kafaɗa zuwa cibiya, layi ya sauko mai faɗin yatsa uku inda ƙyallin ya goge. Mahaifinsa yakan ce ƙafa tana barin shaida a ƙasa, ƙasa ma tana barin tata a ƙafa, mai bin sawu sai ya ga duka biyun yake magana. Yau ga duka biyun a gabansa, kuma da zai iya mayar da idonsa bai gani ba, da ya yi.

"Me kake nema?"

Abdulmajid ne a bakin ƙofa da tawul a wuya. Ya kalli rigar, ya kalli hankicin. Sai ya zauna a bakin gado.

"Hoto ne kawai, Ubale. Pre-wedding. Walida ta ce tana son wani abu different, ba irin na kowa ba. Ran Juma'a da yamma muka je da mai hoto. Bel ɗin bai kai ba saboda rigar, na ƙara shi ta baya. Da muka gama na mayar yadda na same shi. Na ja da ƙarfina, wallahi ya riƙe."

"Ka ga Fatihu da yamman?"

Abdulmajid ya kawar da kai.

"Ka ce wa Walida wuƙa aka sa."

"In na ce mata zarewa ya yi, ai za ta tuna. Tana tsaye na kwance shi." Ya kama hannun Ubale da hannu biyu. "Ka rufa min asiri. Ban yi da niyya ba, Allah ya sani. Fatihu yaro ne, zai samu wata makarantar, a Cyprus ko wani wuri. Ni aurena ne. Alhaji ba zai taɓa ba ni 'yarsa ba in ya ji ni na nakasa masa ɗa. Shekara goma sha bakwai, Ubale."

Abin da ya fi ƙona wa Ubale rai ke nan, shekarun da aka ɗauko aka ɗora masa a wuya. Kuskuren bel bai dame shi ba, kowa yana iya yi. Amma mutumin da suka raba katifa ɗaya a makaranta ya zauna a mamak ya buga tebur, ya ƙirƙiri yammar da ba a yi ba, ya ɗora wa yaron mutane. Kuma yanzu yana neman ya sa hannu su binne shi tare.

"Zan kira kowa gareji ƙarfe sha ɗaya," in ji Ubale, ya zare hannunsa. "Ka faɗa da bakinka. Ka ce kuskure ne, tsoro ya sa ka yi ƙarya. Zan tsaya kusa da kai, ni zan fara ba Alhaji haƙuri. Wannan shi ne rufin asirin da zan iya."

Abdulmajid ya goge fuskarsa da tawul. "To," in ji shi. "Zan faɗa."

Ubale ya yarda, don yana son ya yarda. Ya bar rigar a kan gadon ya fita.

*

Mutum goma sha biyu suka taru a garejin. Fatihu ya raɓe a jikin bango shi kaɗai. Walida ta zo daga asibiti da wata ƙawarta. Pakcik ya kashe injin iska, wurin ya yi tsit. Abdulmajid ne ya zo a ƙarshe, ya sha farar shadda, fuskarsa a ɗaure.

Ubale ya nuna musu notunan da faifan ƙarfen, ya wanke Pakcik. Ya ɗaga bel ɗin kowa ya ga ba yanka. Ya nuna shaidar inda aka ƙara tsawo, da kujerar da aka tura baya, ya ce wanda ya zo ɓarna ba ya zama ya gwada bel a jikinsa, kuma wanda ya zauna ɗin ya fi Fatihu girma nesa ba kusa ba. Sannan ya kalli amininsa, ya ba shi fili.

Abdulmajid ya gyara murya. "With due respect, duk wannan theory ne. Ni na faɗi abin da na gani. Kuma kowa ya san Ubale da Fatihu 'yan ƙaramar hukuma ɗaya ne, so I understand. Amma lokaci yana tafiya, Alhaji yana jira."

Wani ya ce, "Gaskiya ne." Wasu suka fara gyaɗa kai.

Ubale ya kalle shi. Bai yi mamakin ƙaryar ba kamar yadda ya yi mamakin sauƙin da ta zo da shi. Ya tabbata in aka je gidan yanzu, ba za a sami rigar ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da hankicin, ya jiƙa wani gefe mai tsabta, ya goga a cikin bel ɗin a gaban kowa, ya ɗaga.

"Wannan ba baƙin mai ba ne. Duk wanda ya tashi a Kano a cikinku ya san shi."

"Shuni ne," in ji wani daga baya. "Shuni a race car?"

Ubale bai kalli Walida ba, don ba ya son ya zama shi ya tilasta mata. Amma ya ji lokacin da numfashinta ya canza. Ta matso, ta karɓi jelar bel ɗin daga hannunsa, ta juya ta gaba da baya tana neman inda wuƙa ta bi.

"Ka ce min yankawa aka yi," in ji ta, a hankali.

"Walida, ba nan ne wurin..."

"Ka ce min yankawa aka yi." Ta fito da wayarta. "Na tambaye ka ranar. Ina riƙe da hularka kana kwance shi, na ce ba matsala? Ka ce kai ne chairman."

Ta miƙa wa Pakcik wayar. Hoton ya yi kyau, abin haushin ke nan. Ga ango a kujerar tsere cikin kore tana ƙyalli, jan bel ya sauko masa ta kafaɗu biyu, ga amarya a tsaye jikin ƙofa tana murmushi. Pakcik ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kai bayan kafaɗar angon, inda ɗan faifan ƙarfen ya fito sarai. Jelar bel ɗin tana reto, ba a ninka ta ba.

"Biyu," in ji Pakcik. "Biyu kawai ka yi." Ya ajiye wayar a kan motar, ya koma gefe yana girgiza kai.

Waɗanda suka buga tebur jiya duk suka sunkuyar da kai. Wani ya je zai dafa kafaɗar Fatihu, Fatihu ya goce.

"Kwana biyu," in ji shi. "Ko mutum ɗaya bai kira ya tambaye ni ba. Sai Yaya Ubale." Ya ɗauki jakarsa ya fita, ba wanda ya iya tsayar da shi.

Walida ta zare zoben da ke hannunta ta ajiye kusa da wayar, ta ɗauki wayar ta bar zoben. "Da ka faɗa ran Asabar, da ni zan roƙar maka Baba," in ji ta. "Kwana biyu kana zaune gaban gadon Yaya Kabir kana yi masa addu'a." Ƙawarta ta riƙe ta suka fita.

Abdulmajid ya tsaya a gaban Ubale. Idonsa ya yi ja. "Ka ci amanata," in ji shi.

Ubale ya matsa ya ba shi hanya.

*

Ba a je wurin 'yan sanda ba. Alhaji ya ce ya bar wa Allah, amma kada ya sake jin sunan. Fatihu ya koma aji, bai sake taka garejin ba, kuma in ya haɗu da 'yan kulob a lif sai ya kalli lambobin hawa har a iso. Kafin Laraba Abdulmajid ya kwashe kayansa lokacin da Ubale yake makaranta, ya bar mukulli a kan firij, ko takarda bai rubuta ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Inna ta kira. Ta tambayi karatu, ta tambayi ruwan sama, sannan ta zo kan abin da ya sa ta kira.

"Ina ɗana? Kwana biyu bai gaishe ni ba. Ya gwada rigar kuwa? Ta yi masa?"

Ubale yana tsaye a ƙofar ɗakin da ba kowa, sai katifa da igiyar shanya. "Ya gwada, Inna. Ta yi masa."

"Madalla. Ka gaya masa kada ya kai ta wanki kafin biki, kuma ya raba ta da fararen kaya. Shunin Kura in ya kama abu ba ya fita."

"Zan gaya masa," in ji Ubale.

Da ta kashe, ya koma ɗakinsa ya ɗauko taguwar nan da hankicin, ya zuba su a bokiti da ruwan zafi da omo. Ya san ba za su fita ba. Ya durƙusa ya yi ta cuɗawa har yatsunsa suka yi fari.